Daga Mazari Zuwa Keken Ɗinki: Tarihin Koya wa Matan Karkara Sana'a da Darasinsa ga Titin Koudoukou

Duk lokacin da wata masifa ta auka wa talakawa a ƙasashenmu, ko fari, ko yaƙi, ko tsadar rayuwa, akwai magani guda da hukumomi da ƙungiyoyin agaji ba sa mantawa da shi, wato a tara mata a koya musu sana'a. A yi wata uku ko shida ana koyon ɗinki ko saƙa ko haɗa sabulu da man shafawa, ranar yaye ɗalibai a raba kekuna da takardun shaida, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. An yi haka a Kano, an yi a Maraɗi, an yi a Maiduguri, yanzu kuma ana yi a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Wannan magani ya kusa cika shekara ɗari ana ba da shi, don haka lokaci ya yi da za a zauna a duba wa ya warkar, wa kuma ya sha bai ji sauƙi ba. Tarihin yana nan a rubuce, mafi yawansa ma a ƙasar Hausa ya faru, kuma babu waɗanda suka fi bukatar jin sa a yau kamar matan da rikici ya koro daga rugage da ƙauyuka ya zube su a unguwar Kilomita Biyar.

Titin da mutanensa

Faransawa ne suka kafa Bangui a 1889 a gaɓar kogin Ubangi. Unguwar Kilomita Biyar, wadda ake rubutawa PK5, ta samo sunanta daga nisan da ke tsakaninta da tsakiyar gari. Babban titin da ya ratsa ta yana ɗauke da sunan Laftanar Georges Koudoukou, ɗan ƙasar da ya yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka ji masa rauni a Bir Hakeim ta ƙasar Libiya, ya rasu a Iskandariyya ta Masar a watan Yunin 1942. A nan babban masallacin Bangui yake, wanda Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamban 2015, a nan kuma babbar kasuwar birnin take. Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali su suka cika unguwar da shaguna. Zuwan fataken Hausa wannan yanki ya riga kafuwar birnin kansa, domin tun a ƙarni na 19 suke biyo hanyar Ngaundare zuwa kasuwar Kunde a ƙasar Gbaya, suna neman hauren giwa da goro.

Makiyaya kuwa daga baya suka zo. A shekarun 1920 ne Fulanin daji, waɗanda ake kira Bororo, suka fara tsallakowa daga Adamawa ta Kamaru zuwa wajejen Bouar da Bocaranga, daga bisani suka miƙa har Bambari. Cikinsu akwai Jafunawa, waɗanda sunansu kansa ke nuna asalinsu daga Jahun ta tsohuwar ƙasar Kano, akwai Woɗaaɓe, akwai Aku waɗanda da yawansu Hausa ta zauna a bakinsu. A 2010 Afirka ta Tsakiya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta rattaba hannu a kan yarjejeniya mai lamba 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi haƙƙin al'ummomin asali, kuma a can ana lissafa Bororo da Aka mazauna kurmi cikin waɗanda yarjejeniyar ta shafa.

A ruga, garke na miji ne, amma nono na mata ne. Ita ke tatsa, ita ke kaɗa mai, ita ke ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa, kuma kuɗin da ta samo nata ne, da shi take sayen gishiri da sabulu da zane da tsakiya. Ita ke kafa bukka, ita ke saƙa tabarma da faifai, ita ke zana ƙorai ta jera su a matsayin dukiyarta da mutuncinta. Wannan tsari ne ya rushe cikin 'yan watanni. 'Yan Seleka sun kama Bangui ranar 24 ga Maris 2013, 'yan Anti-Balaka suka kawo farmaki ranar 5 ga Disamba na wannan shekara, daga nan aka shiga farautar Musulmi a yammacin ƙasar. An karkashe makiyaya, an kore shanu. Ɗaruruwan Fulani suka maƙale a Yaloke, fiye da kilomita 200 daga Bangui, inda yunwa da cuta suka ci mutane da dama, musamman yara. A ƙarshen Afrilun 2014 aka kwashe kimanin mutum 1,300 daga PK12, kusa da kasuwar shanu, aka nufi arewa da su. Wasu suka ƙare a sansanonin Gado da Lolo da Mbile a gabashin Kamaru, wasu a kudancin Cadi, wasu kuma suka shige Kilomita Biyar, wadda ta zama mafakar ƙarshe ta Musulmin birnin.

Macen da ta rasa shanu ta rasa nono, ta rasa kasuwa, ta rasa abin da take taƙama da shi a gaban miji da kishiya. Ga irin waɗannan mata, da zawarawan da yaƙin ya bari, ƙungiyoyin agaji suka miƙo tsohon maganin nan: ɗinki, sabulu, saƙa. Kafin a yanke hukunci a kansa, bari mu koma inda aka daɗe ana gwada shi.

Kafin a zo koya musu, me suka iya?

Kuskuren farko da ake yawan yi shi ne ɗaukar macen karkara a matsayin wadda hannunta bai san komai ba. Tarihin Kano ya isa ya ƙaryata wannan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa waje a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, ana kai su Timbuktu da Ghat da Murzuk har Tarabulus. Ana yaba masaƙa, ana yaba marinan Ƙofar Mata da na Kura, ana yaba mabuga masu fito da ƙyallin turkuɗi. To amma kowane ƙyalle daga zare ya fara, kuma kowane zare mace ce ta kaɗa shi. Ita ke gurzar auduga a kan dutse ta fitar da gurya, ta shiɓe ta da baka, ta zauna da mazari da alli a tsakar gida tana kaɗi, ta fitar da siririn zare da abawa. Masana'antar da ta yi wa Sahara sutura a kan yatsun matan ƙauye ta tsaya.

Babu gwamnatin da ta buɗe musu makaranta. Yarinya tana koyo a gindin uwarta ko kakarta, audugar a gonar gida take, mai sayen zaren kuma yana ƙofar gida, domin masaƙi ba shi da aiki sai da ita. Abubuwa uku ke nan suka haɗu: gwaninta, kayan aiki mai sauƙin samu, da mai saye tabbatacce. Littafin tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da labarin yadda mata ke tara kuɗin kaɗi su yi biki su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai za su kwashe audugar Arewa zuwa masaƙun Ingila, sai suka tarar masu kaɗi da saƙa na gida suna biyan farashin da ya fi nasu. An ɗauki shekaru kafin zaren inji da yadin waje, sannan masaƙun zamani irin ta Kaduna da aka buɗe a 1957, su kwantar da mazari. Matan ba su manta kaɗi ba. Mai saye ne ya tafi, da ya tafi kuwa gwanintar ta zama kayan tarihi. Sai suka koma ƙuli-ƙuli da fura da daddawa da ƙosai, cinikin cikin gida da Polly Hill ta yi nazarinsa a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960.

A daidai lokacin da wannan babbar sana'a ke ja da baya ne aka fara buɗe wa mata ajin koyon aikin hannu. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, a 1939 kuma aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato. Ana koyar da ɗinki da saƙar kwarashi da tsafta da renon yara. A yankin Faransa ma haka abin yake a makarantun mishan da gidajen koyar da mata. Waɗannan makarantu sun yi amfani ta wata fuskar, don daga cikinsu malamai mata na farko suka fito. Amma manufarsu ita ce samar da matar gida ga ma'aikaci, ba wanda ya tambayi ina za a sayar da rigar tebur a ƙauyen da babu tebur. Wannan gadon, na zaɓar wa mata sana'a daga ofis, shi ne ya bi mu har yau.

Ladi Kwali: cibiyar da ta tarar da gwana

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, domin ya zamanantar da ginin tukwane a Nijeriya. Ya zagaya Arewa yana duba yumɓu da itace da ruwa, ya zaɓi garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja, aka buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a 1952. Niyyar ita ce a koya wa samari maza gini a kan keken juya yumɓu, su riƙa yin faranti da kofi da butar shayi masu ƙyalli, don ma'aikatan da ke tasowa su rage sayen na waje. Ba a yi lissafi da mata ba, alhali a ƙasar Gwari ginin tukunya aikin mata ne tun kaka da kakanni.

A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya ga wasu tuluna da suka tsayar da shi. Na wata Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali, mai suna Ladi, wadda aka haifa wajen 1925, ta koyi gini a wurin gwaggonta. Ba ta amfani da keke. Takan aza curin yumɓu, ta riƙa zagaya shi da ƙafa tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu tana lailayewa, har randa ta tashi daidai wa daida kamar an auna. Sannan ta zana mata ƙadangare da kunama da kada da kifi da hawainiya da tsuntsu. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi keke, ta koyi shafa ruwan ƙyalli, ta koyi gashi a tanderun da zafinsa ke haura digiri 1,200. Amma abin da ya fitar da sunanta shi ne randar nan ta gida, wadda ta zo da ita a hannunta. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Turai ta yi gini a gaban jama'a, ta zagaya Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta buɗe ƙofa ga wasu mata irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Ta rasu a watan Agustan 1984. Cibiyar na ɗauke da sunanta, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Darasi biyu ke cikin wannan labari, ɗaya mai daɗi ɗaya mai ɗaci. Mai daɗin shi ne, horon da ya yi albarka shi ne wanda ya ɗora a kan abin da mace ta riga ta iya. Cibiyar ba ta mayar da Ladi magina ba, magina ta same ta. Abin da ta ƙara mata shi ne sabon gashi, albashi, da hanyar isa ga masu saye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai ɗacin kuwa yana cikin randar kanta. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsatsafo, iska na bugawa. Da aka gasa ta da wuta mai tsanani aka shafe ta da ƙyalli, sai ta toshe, ta yi nauyi, ta daina sanyaya ruwa, ta yi tsadar da ba mai ɗebo ruwa a rafi da zai saya. Ta tashi daga kayan amfani ta koma kayan ado, masu sayenta Turawa ne da gidajen tarihi da manyan gari. Irin wannan kasuwa tana iya ɗaukaka mace biyar ko goma, ba ta iya ciyar da dubban maginan ƙasar Gwari, waɗanda bokitin roba da tukunyar dalma suka zo suka ƙwace musu ciniki. Cardew ya bar Abuja a 1965, cibiyar ta ci gaba na wani lokaci a hannun gwamnati, daga baya ta yi shekaru a durƙushe. Wanda ya juya takardar naira 10 zai ga matan Fulani biyu da ƙorai a ka. Mun iya sa mata a jikin kuɗi, sa kuɗi a hannunsu ne ya zame mana aiki.

Zamanin Better Life

A watan Satumban 1987, shekara guda bayan shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin Better Life for Rural Women. Ba a taɓa yin shirin da ya sa sunan macen karkara a bakin gwamnati kamarsa ba. An kafa ƙungiyoyin gama kai, an gina cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi, an raba kekunan ɗinki da injinan niƙa da na saƙa, an yi baje kolin kayan mata a manyan birane. A zamaninsa aka kafa cibiyar tukwane ta Ushafa, ƙauyen da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarta a watan Agustan 2000, aka kuma gina babbar cibiyar mata ta ƙasa a Abuja.

Sai dai shirin a jikin mutum aka ɗaure shi. Matar shugaban ƙasa a sama, matan gwamnoni a jihohi, matan shugabannin ƙananan hukumomi a ƙasa. Tun a lokacin masu suka ke cewa matan birni masu gwaggwaro sun fi matan ƙauye morar sa. Da Babangida ya sauka a watan Agustan 1993, shirin ya bi shi. A 1994 Maryam Abacha ta zo da nata mai suna Family Support Programme. Cibiyar da ba matan ne suka gina ba, ba su ne ke riƙe da makullinta ba, ranar da mai ita ya tafi sai ta zama ɗakin ajiyar matattun kekuna. Wadda aka ba keke ba a ba ta kuɗin yadi ba, ga kuma mata ashirin a ƙauye ɗaya duk an koya musu ɗinki ɗaya, ba abin mamaki ba ne in ta sayar da keken ranar da yaro ya kwanta ciwo.

A daidai waɗannan shekaru wani abu na faruwa a birnin Zariya ba tare da ganga ba. Aikin babbar riga da allura, su aska biyu da aska takwas, a da na maza ne, galibi almajirai da malamai. Daga shekarun 1970 zuwa 1980, da maza suka karkata ga keken aiki da aikin albashi, sai matan kulle suka ɗauka, suna koyo a wurin 'yan'uwansu da maƙwabta. Haka ɗinkin hula ya bazu a hannun mata a Kano da Barno, kuma da rikicin Boko Haram ya cika Maiduguri da 'yan gudun hijira, hular nan ce ta riƙe mata da yawa a sansani. Dalili a fili yake: allura da zare ba su da tsada, ana yi a ɗaki ana reno, kuma muddin ana Juma'a da Sallah da ɗaurin aure, mai saye ba zai ƙare ba. Illar da ke ciki ita ce dillali. Shi ke kawo yadi da zare, shi ke yanka ladan aiki, shi ke kai wa kasuwa, mai ɗinkin da ta yi makonni tana tsiyayar da ido ita ke samun kaso mafi ƙanƙanta, saboda ba ta da jarin sayen kayan aikinta.

Akwatin Maraɗi mai kwaɗo uku

Amsar wannan matsala ta jari daga Nijar ta fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ƙaramin shiri a ƙauyukan jihar Maraɗi, ƙarƙashin wata 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Da farko shirin ya haɗa da koyar da sana'o'in hannu, da ɗan asusu a gefe. Ba a jima ba aka lura cewa asusun ne matan suka riƙe da hannu biyu. Abin yabo ga masu shirin shi ne sun saurara, suka bar abin da suka zo da shi suka bi abin da matan suka zaɓa.

Tsarin ba baƙo ba ne, adashi ne aka yi wa gyara. Mata kamar 25 zuwa 30 da suka san juna sukan haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai, komai ƙanƙantarsa. Ana ajiye kuɗin a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban-daban, akwatin na ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Bambancinsa da adashi shi ne ba a jiran kwasa: mai bukata takan karɓi rance ta sayi gyaɗa ko kaba ko tunkiya, ta juya, ta mayar da ɗan ƙari. Bayan kamar shekara a fasa akwati a raba, galibi a saita rabon da lokacin shuka ko Sallah. Ba a kawo ko dala daga waje ba, ma'aikacin shiri yakan koyar na 'yan watanni ya janye. Zuwa farkon shekarun 2000 matan da ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi a Nijar sun haura 150,000, wasu suka kafa rumbunan tsimi, wasu suka tsaya zaɓen kansiloli. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har Afirka ta Tsakiya, inda ake kiran sa AVEC.

Abin lura a nan shi ne, da jari ya samu, sana'o'in da kansu suka farfaɗo. Mai ƙuli-ƙuli ta daina karɓar gyaɗa bashi a wurin ɗan kasuwa, mai tabarma ta sayi kaba lokacin da take araha, mai kiwo ta turke rago don layya. Ba wanda ya zaɓa musu, kowacce ta san abin da ƙauyenta ke saye. Batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance kuwa, abu ne da Musulmi ba zai kau da kai daga gare shi ba, kuma fiƙihunmu bai bar mu hannu rabbana ba: ƙungiya na iya sayen kayan ta sayar wa 'yarta da sananniyar riba zuwa wani lokaci, ko ta ba ta jari bisa ƙiradi a raba abin da aka samu.

Abin da tarihin ke faɗa wa Kilomita Biyar

Idan aka jera waɗannan labarai, sai a ga ma'auni ɗaya ne ke raba wanda ya ɗore da wanda ya mutu. Kaɗi ya rayu da mai saye, ya mutu da tafiyarsa. Ladi ta ɗaukaka don an ɗora a kan gwanintarta, 'yan'uwanta suka tsaya don kasuwar ado ƙarama ce. Better Life ya ba da kayan aiki bai ba da mallaka ba. Matan Zariya sun sami kasuwa ba su da jari. Matan Maraɗi suka riƙe makulli.

To, me ke gaban macen da ta baro ruga ta zauna a bayan Titin Koudoukou? Kasuwar da ke ƙofarta cike take da gwanjo da atamfa da robobi, waɗanda manyan motoci ke ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Douala, su biyo ta Garoua-Boulai, tafiyar fiye da kilomita 1,400. Wadda aka koya wa ɗinki na wata uku za ta yi gasa da dilar gwanjo da kuma telolin da suka shekara ashirin a kan keke. Wannan kokawa ce da aka san wanda zai faɗi tun kafin a shiga fili. Amma nisan hanyar nan yana da wata fuska. Duk abin da ke da nauyi, ko saurin lalacewa, ko ake bukata kullum, kuɗin mota na tsadar da na waje, na gida ya samu sarari. An ga haka a ƙarshen 2020 da farkon 2021, lokacin da 'yan tawaye suka tare hanyar, kaya suka yi tashin gwauron zabo a Bangui. Sabulu yana cikin wannan sahu, ga manja a kudancin ƙasar, ga kaɗanya da zuma a arewa. Kindirmo da man shanu da fura suna ciki, kuma babu malamin da zai koya wa Bafulatana su. Abin da take nema shi ne madara, ko ta shanun da suka fara dawowa ko ta gari kamar yadda ake yi a biranen Nijeriya, da mazubi mai tsafta, da wurin sanyayawa. Tabarmar salla da faifai da kitso da lalle suna ciki. Hula da aikin wuyan riga suna ciki, a unguwar da maza ke cika masallaci duk Juma'a da hulunan da aka ɗinko a Kano da Maiduguri.

Asusu ma ba sai an shigo da shi ba, don matan Bangui sun daɗe da nasu adashin da suke kira kelemba da harshen Sango. Akwai kuma wata riba da ba ta shiga akwati. Kasuwar Kilomita Biyar ita ce wurin da Musulmi da Kirista suka fara komawa hulɗa bayan an zubar da jini, domin mai rogo na bukatar mai nama, mai nama na bukatar mai rogo. Ƙungiyar da ta haɗa mai kawo manja daga Lobaye da mai dafa sabulu a PK5 ta ɗaura wata igiya da ba a tsinka ta da jita-jita ɗaya.

Saboda haka duk mai niyyar taimakon waɗannan mata, hukuma ce ko ƙungiya ko attajirin unguwa mai fitar da zakka, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya amsa kafin ya sayi keke ko ɗaya. Me hannunta ya riga ya iya? Wa zai saya, sau nawa a wata, a kan nawa? Ina za ta sami kuɗin kayan aiki na biyu bayan na kyauta ya ƙare? Makullin yana hannun wa ranar da mai shirin ya koma garinsu? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma amsoshin ba sa ofis, suna bakin matan da kansu, in an zauna a tabarma an tambaye su da Fulatanci ko Hausa ko Sango.

Da yawa daga cikinsu burinsu bai wuce su ga sun koma bayan saniya ba. Sana'ar da za ta tara wa mace kuɗin akuya, akuya ta zama karsana, ta fi mata takardar shaida goma. Allah ya zaunar da ƙasar Afirka ta Tsakiya lafiya, ya mayar wa kowa da abin da ya rasa da mafi alheri.